Awon Jinin Kwana 21: Ba Kowace Mace Ce Ranarta Ke Nan Ba

A gidajen aure da yawa na ƙasar nan, daga Ikko har Maiduguri, babu abin da ke saurin dagula zama kamar a shekara ɗaya, a shekara biyu, amarya ba ta yi ko ɓatan wata ba. Tun dangin miji suna magana da ido, har su koma habaici, har wata rana wani ya fito fili ya furta kalmar nan mai ɗaci, watau juya. Daga nan sai a shiga fafutukar neman magani, yau saiwa, gobe turare, jibi kantin magani, in an gaji kuma a nufi asibiti. A can kuwa, cikin gwaje-gwajen farko da likitan mata zai rubuta, da wuya a rasa wani awon jini mai suna awon furojestaron, wanda ma'aikatan asibiti suka fi sani da awon kwana 21.

Awon nan ba shi da wuya. Ɗan jini kaɗan ake ɗiba a hannu, ba a bukatar mace ta zo da yunwa, sakamako kuma ba ya daɗewa. Amma akwai wani sharaɗi guda da yake rataye a wuyansa, wanda in an kuskure shi an yi asarar kuɗi da jini, shi ne ranar da aka yi shi. Mace lafiyayya garau, wadda ke fitar da ƙwai kowane wata, tana iya karɓar takarda mai cewa ba ta yi, don kawai an ɗebi jininta kafin lokaci ko bayan lokaci. Irin wannan takarda kuwa tana iya jawo mata shan maganin da ba ta bukata, tana iya jawo mata gori, wani lokaci ma har ta taɓa igiyar aurenta. Saboda haka ya kamata mata da mazajensu su san abin da ake nema a cikin jinin, da ranar da ta dace a neme shi.

Mene Ne Furojestaron?

Furojestaron ɗaya ne daga cikin sinadaran da jiki ke sarrafawa da kansa ya zuba cikin jini, su zama kamar 'yan aike tsakanin wannan gaɓa da waccan. Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu na mahaifa. Daga ranar da jinin al'ada ya zo, sai wasu 'yan ƙwayaye su soma girma a cikinsu, kowanne a cikin wata 'yar jakar ruwa. Yawanci guda ɗaya ne ke rinjayar sauran. Idan ya nuna, sai jakar ta fashe, ƙwan ya fito ya shiga bututun da ke kaiwa mahaifa, inda zai iya haɗuwa da maniyyin namiji. Ƙwan nan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 yana da rai, alhali kuwa maniyyi yana iya kai kwana biyar a jikin mace yana jira.

To, jakar nan da ƙwan ya bari ba ta lalacewa nan take. Sai ta rikiɗe ta zama wani ɗan curi mai ruwan ɗorawa, wanda likitoci ke kira kofus lutiyam da harshen Latin, ma'anarsa rawayan jiki. Wannan curi shi ne masana'antar furojestaron. Aikin sinadarin kuwa ya yi kama da na manomi mai gyaran gona kafin shuka: yana sa bangon mahaifa na ciki ya yi laushi, ya cika da jini da abinci, yana kwantar da naman mahaifa kada ta riƙa murɗawa, yana kuma sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri. Har ila yau yakan ɗan ɗaga zafin jikin mace da abin da bai wuce rabin digiri ba a ma'aunin santigiret.

Idan ciki bai shiga ba, curin nan yakan yi kwana goma sha biyu zuwa goma sha huɗu ya bushe. Da zarar ya bushe furojestaron ya faɗi, shimfiɗar da aka yi a mahaifa ta ɓaɓɓake ta fito, shi ne jinin al'ada. Idan kuwa ciki ya shiga, ɗan tayin zai aika da wani sinadari nasa, wanda shi ne ake gani a gwajin fitsarin masu ciki, ya umarci curin da ya ci gaba da aiki. Haka zai yi ta riƙon cikin har wajen mako na bakwai zuwa na tara, sa'an nan mabiyiya ta karɓi aikin daga hannunsa har zuwa haihuwa.

Daga wannan bayani mai karatu zai gane hikimar awon. Kafin ƙwai ya fita, furojestaron ɗin da ke cikin jinin mace ɗan kaɗan ne ƙwarai. Bayan ƙwai ya fita sai ya yi ta hauhawa har ya kai ƙololuwa wajen kwana bakwai, daga nan ya juyo ƙasa. Watau ganinsa da yawa a jini shaida ce cewa ƙwai ya riga ya fita, kamar yadda toka mai ɗumi ke shaida an hura wuta a murhu.

Yadda Aka Gano Shi

A shekarar 1929 wasu masana biyu na Jami'ar Rochester a Amurka, George Corner da Willard Allen, suka nuna cewa in aka cire wa zomanya mai sabon ciki gidan ƙwanta cikin zai zube, amma in ana yi mata allurar ruwan da aka tatso daga rawayan curin nan cikin zai zauna. A 1934 ƙungiyoyin masana huɗu, a Turai da Amurka, kowacce ta tace sinadarin tsantsarsa. Ɗaya daga cikinsu, Bajamushe Adolf Butenandt, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1939 saboda aikinsa a kan sinadaran haihuwa. A 1935 aka daidaita a kan sunan furojestaron, wanda ke nufin mai tallafa wa goyon ciki.

A wancan zamani tsadarsa ta wuce misali, domin sai an tara gidan ƙwan dabbobi dubbai kafin a sami abin da bai cika tsinin cokali ba. Wani Ba'amurke masanin haɗa magunguna, Russell Marker, shi ya karya wannan tsada a farkon shekarun 1940, lokacin da ya gano hanyar sarrafa shi daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko. Sai dai a lura, a masana'anta ake wannan juyi. Cin doya ba ya ƙara wa mace furojestaron, domin jikin ɗan Adam ba ya iya wannan sarrafawa.

Auna shi a cikin jini kuwa ya jira wata dabarar da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro a birnin New York wajen 1960, wadda ke iya gano sinadari komai ƙanƙantarsa a cikin jini. Kafin wannan dabara ta yaɗu, likitoci sukan dogara ne ga awon fitsari, ko auna zafin jikin mace kowace asuba, ko kuma yanko ɗan ɓallin bangon mahaifa a duba shi da madubin likita.

Daga Ina Kwana 21 Ya Samo Asali?

Littattafan koyar da likitoci sun daɗe suna kafa misali da macen da al'adarta ke zagayowa duk bayan kwana 28. Irin wannan mace takan fitar da ƙwai wajen kwana na 14. A ƙara bakwai, an sami 21. Nan sunan ya tsaya, har ya zama wasu na ɗaukarsa kamar doka.

Amma mata ba ɗaya suke ba. Akwai mai kwana 24, akwai mai 30, akwai mai 35, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Abin da binciken masana ya tabbatar shi ne, rabin farko na zagayen, watau daga zuwan jini zuwa fitar ƙwai, shi ne ke tsawo ko ya gajarce daga mace zuwa mace. Rabi na biyu kuwa, daga fitar ƙwai zuwa jini na gaba, kusan a tsaye yake a wajen mako biyu. Saboda haka lissafin da ya dace daga ƙarshe ake soma shi a yi baya. A dubi ranar da ake sa ran jini na gaba zai zo, a cire kwana bakwai. Wannan ita ce ranar awo.

Ga yadda abin yake a aikace. Mai zagayen kwana 28, ranarta ita ce ta 21. Mai kwana 30, ta 23. Mai kwana 32, ta 25. Mai kwana 35, ta 28. Mai kwana 24 kuwa, tun ranar 17 ya kamata a ɗebi nata.

A ɗauki misalin mai kwana 35. Ita wajen kwana na 21 ne ma ƙwanta ke shirin fita. In an ɗebi jininta a ranar, ba za a tarar da komai ba, domin curin da ke yin sinadarin bai ko kafu ba. Tamkar mutumin da ya fita duban jinjirin wata tun ranar 25 ga wata ne, ya dawo yana cewa bana babu wata. Takardarta za ta fito da lamba ƙasa ƙwarai, wanda bai bincika ba kuma sai ya yanke hukunci cewa ba ta yin ƙwai. Ita kuwa mai kwana 24, ranar 21 sinadarinta ya riga ya juyo gangara, saura kwana uku jini ya zo, sai a ce yana da rauni alhali ya yi aikinsa ya gama.

Hukumar NICE ta ƙasar Ingila, wadda ke tsara wa likitocin can ƙa'idojin aiki, ta bayyana wannan a jagoranta na 2013 a kan matsalolin haihuwa: ranar 21 ga mai kwana 28, ranar 28 ga mai kwana 35, wadda al'adarta ke jinkiri babu tsari kuma a riƙa maimaita mata awon mako mako har jini ya zo.

Daga Wace Rana Ake Fara Ƙirga?

Nan ma akwai wurin tuntuɓe. Matan Hausawa ba baƙin lissafin kwanaki ba ne, domin tun suna 'yan mata suke kiyaye kwanakin haila da na tsarki saboda ibada. Sai dai da yawa sun saba riƙe ranar da suka yi wanka, ba ranar da jini ya fara ba. Lissafin asibiti kuwa daga ranar farko ta zubar jini sosai yake tashi. Ita ce rana ta ɗaya. 'Yan ɗige-ɗigen da wasu kan gani kwana ɗaya ko biyu kafin jinin ya kankama ba a ƙirga su. Macen da ke kwana shida tana jini, in ta fara ƙirga daga ranar wanka, ta tura awonta gaba da kusan mako guda, ta isa ɗakin gwaji lokacin da sinadarin ya riga ya sauka.

Haka kuma faɗin cewa "duk wata nake gani" bai wadatar ba. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, na Bature kuma 30 ne ko 31 in ban da Fabrairu, kuma mai kwana 26 da mai kwana 33 duka za su ce duk wata suke gani. Abin da ya fi shi ne mace ta sami kalanda ko ɗan littafi, ta riƙa rubuta ranar da jini ya fara har wata uku ko fiye kafin ta je asibiti. Daga ranar farko ta wannan jini zuwa jajibirin na gaba, shi ne tsawon zagayenta.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne, ba a gama karanta sakamakon awon ba sai jini na gaba ya zo. Idan ya zo wajen mako guda bayan ɗibar jinin, to an dace da rana, lambar da aka samu abin dogaro ce. Idan kuwa ya zo bayan kwana biyu, ko sai bayan mako biyu, an saɓa, sai a sake a wata mai zuwa. Don haka wajibi ne mace ta rubuta ranar da aka ɗebi jinin da ranar da al'adarta ta biyo baya, ta kai wa likita duka biyun tare da takardar.

Akwai kuma watannin da ba su dace da awon ba sam. Mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa ba ta fitar da ƙwai, don aikinsu ke nan. Wadda ta daina allurar wata uku tana iya kai wata goma ko shekara kafin ƙwanta ya dawo daidai. Mai shayarwa sosai ita ma sau da yawa ƙwanta a kwance yake. Haka wadda ta sha ƙwayar jinkirta al'ada, irin su Primolut N, saboda azumi ko aikin Hajji, ta jira sai zagayenta ya koma yadda yake. Wadda kuma ake ba maganin furojestaron, awon zai iya nuna maganin ne, ba abin da jikinta ya yi ba. Duk waɗannan a gaya wa likita tun kafin ya rubuta takarda.

Mace Mai Rikicewar Al'ada

Matsalar ta fi tsanani ga macen da al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, wannan karon kwana 40, wancan wata biyu, wani lokaci har wata huɗu shiru. A gargajiyance akan ce irin wannan mace ciki ne gare ta ya kwanta, a yi ta neman maganin tayar da shi. Likitoci kuwa sun nuna cewa ciki ba ya kwanciya ya tashi. In gwajin fitsari da hoton ciki ba su nuna komai ba, mafi yawan lokaci rashin fitar ƙwai ne ya hana jinin zuwa.

Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne. Na gaba a cikinsu shi ne ciwon da ake kira PCOS, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Alamominsa sun haɗa da jinkirin al'ada, ƙiba, ƙuraje, da fitowar gashi a haɓa ko ƙirji. Akwai yawan sinadarin da ke kawo ruwan nono, wanda kan sa mace ta ga nono na tsatstsafowa ba ta goyo. Akwai ciwon halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Akwai kuma rama mai tsanani ko ƙiba mai yawa. Kowanne da nasa gwajin, kowanne kuma da nasa maganin.

Ga irin wannan mace, likita yakan fara awon ne ya riƙa maimaitawa duk mako, ko ya haɗa da hoton ciki don ya bi girman ƙwan da idonsa. Akwai kuma 'yan tsinkayen gwajin fitsari da ake sayarwa a kantin magani, masu nuna cewa ƙwai zai fita nan da awa 24 zuwa 36. In tsinken ya nuna, sai a ƙirga kwana bakwai ko takwas a je a ba da jini. Wadda aka ɗora a kan maganin nunar da ƙwai, irin su kulomifin ko letirozol, ita ma akan yi mata awon don a ga ko maganin ya kama.

Karanta Sakamako

Abu na farko da za a duba a takarda shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin iri biyu ne. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta ng/mL, wasu kuma nmol/L. Ɗaya na farkon daidai yake da 3.18 na biyun, watau 10 a ma'aunin farko ya kusa 32 a na biyu. Mace biyu za su iya gwada takardunsu, ɗaya ta ga 12 ɗaya ta ga 38, ta farkon ta shiga damuwa, alhali kuwa abu ɗaya aka gaya musu.

Kafin fitar ƙwai, lambar takan kasance ƙasa da 1 ng/mL. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka tana ɗaukar duk abin da ya haura 3 ng/mL a matsayin shaidar cewa ƙwai ya fita. Asibitocin Ingila da yawa sun fi natsuwa da 30 nmol/L, wanda ya kusa 10 ng/mL, abin da ya faɗo tsakanin biyun kuma sukan ce a sake dubawa, mai yiwuwa ranar ce ba ta daidaita ba.

Daɗin daɗawa, jiki ba ya zuba furojestaron kamar famfo; tsartuwa yake yi, ya tsaya, ya sake. Wani bincike da aka yi a birnin Boston a 1984, inda aka riƙa ɗibar jinin mata a kai a kai cikin yini guda, ya nuna lambar tana iya hawa da sauka har ninki takwas a cikin minti 90. Wannan ne ya sa masana suka ce awo ɗaya yana iya amsa tambayar ko ƙwai ya fita, amma ba zai iya auna kyawun ƙwan ba, ba kuwa zai iya tabbatar da cewa mace tana da "ƙarancin sinadari" ba. Wadda ta sami 9 ba ta gaza wadda ta sami 18 haihuwa ba.

Abin Da Awon Ba Zai Faɗa Ba

Awon furojestaron labarin abin da ya wuce yake bayarwa. Ranar da aka ɗebi jinin, kwanakin ɗaukar ciki na wannan watan sun riga sun shige, domin su ne kwanaki biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Ba ya kuma faɗin yawan ƙwan da ya rage wa mace, ba ya nuna ko bututunta a buɗe yake.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai a nahiyar Afirka. Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tsakanin 1979 da 1984 ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da aka duba saboda rashin haihuwa bututunsu biyu a toshe suke, yawanci sakamakon cututtukan sanyi da ba a magance ba, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga bayan haihuwa ko ɓari. Irin wannan mace awonta na furojestaron zai fito lafiya lau, domin tana yin ƙwai, hanya ce babu. Hoto na musamman ne ke gano wannan.

Sa'an nan ga maigida. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, maza da mata. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a wajen rabin ma'auratan da ke wannan hali, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Awon maniyyi bai da zafi, ba ya jiran wata rana ta wata, abin da kawai ake bukata shi ne a ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai kafin a bayar. Samun 'ya'ya a baya, ko da wata matar, ba ya wanke namiji, domin ciwo kan zo daga baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rashin adalci ne a yi ta tsotse jinin mace wata bayan wata, mijinta bai taka ƙofar asibiti ba.

Awon A Farkon Ciki

Amfani na biyu da ake yi da awon shi ne lokacin da mai sabon ciki ta ga jini ko ta ji ciwon mara, hoto kuma bai nuna abin da ake ciki sarai ba. A nan babu jiran rana, nan take ake ɗiba. Wani nazari da aka buga a mujallar likitocin Ingila ta BMJ a 2012, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa in lambar ta faɗi ƙasa da wajen 3 zuwa 6 ng/mL a irin wannan hali, kusan tabbas cikin ba mai ɗorewa ba ne. In ta haura 25 kuwa, alama ce mai kyau. Tsakanin biyun sai an haɗa da maimaita gwajin sinadarin ciki da sake hoto.

Amma awon ba ya faɗin inda cikin ya zauna. Cikin da ya maƙale a bututu, a wajen mahaifa, yana iya fashewa ya zubar da jini a cikin ciki har ya yi kisa cikin 'yan sa'o'i. Duk macen da ta yi ɓatan wata, sa'an nan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko suma, ko ciwo a kan kafaɗa, a garzaya da ita asibiti ko da tsakar dare ne, kada a tsaya jiran sakamakon wani awo.

Maganin Riƙe Ciki

Da yake sunan sinadarin ya haɗu da riƙon ciki, mutane da yawa sun ɗauka duk ɓari ƙarancinsa ne ke kawo shi, har wasu na sayen allura ko ƙwaya da kansu. Gaskiyar magana ita ce wajen rabin ɓarin da ke aukuwa a watanni uku na farko daga tangarɗar halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka haɗa shi, kuma faɗuwar furojestaron a nan alama ce ta cewa cikin ya riga ya lalace.

Masana na Jami'ar Birmingham, a ƙarƙashin Farfesa Arri Coomarasamy, sun gwada abin sau biyu. A gwajin farko, wanda aka buga a 2015, an ɗauki mata 836 masu yawan ɓari ba tare da sanin dalili ba, ba a kuwa sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka ba maganin da waɗanda ba a ba. A na biyu, na 2019, an ɗauki mata 4,153 masu ganin jini a farkon ciki. A jimlace bambancin kaɗan ne, kashi 75 cikin 100 da kashi 72. Amma a cikin waɗanda suka taɓa ɓari sau uku ko fiye, kashi 72 na waɗanda aka ba maganin suka haihu lafiya, a kan kashi 57 na sauran. Bisa wannan ne hukumar NICE ta ba da shawara a 2021 cewa a ba da maganin ga macen da ta haɗa abu uku: tana ganin jini, ta taɓa ɓari, hoto kuma ya tabbatar cikin yana cikin mahaifa, in an ga bugun zuciyar ɗan, a ci gaba har mako na 16. Abin lura shi ne, tarihin mace da hoto ne ke yanke wannan shawara, ba lambar awon jini ba.

Haka zancen yake ga maganin nunar da ƙwai da wasu ke saye a kanti don sun ga wata ta sha ta haihu. Kulomifin yana ƙara yiwuwar 'yan biyu ko fiye da haɗarin da ke tattare da haka, ba a kuma so a wuce wata shida ana shansa. Ga wadda bututunta ya toshe, ko wadda matsalar ke wajen mijinta, ba zai tsinana komai ba sai ɓata lokaci, lokaci kuwa shi ne jarin mace mai neman haihuwa.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, ma'auratan da suka shekara guda suna tare ba tare da tazara ba kuma ba a sami rabo ba, su je a duba su. In matar ta kai shekara 35, wata shida ya isa. In kuwa al'adarta a rikice take, babu dalilin jira. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato, Maiduguri, Ibadan da Ikko, duk suna da sashen likitocin mata da ke wannan aiki. Mace ta tafi da mijinta, da littafin kwanakinta, da sunayen magungunan da take sha. In an ce ta dawo ranar 21, ta gaya wa likita tsawon zagayenta, ta tambaya ko ranar ta dace da ita. Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba, kuma matambayi ba ya ɓata.

Haihuwa rabo ce daga Allah, babu mai gardamar wannan. Amma kafin a ɗora wa 'yar mutane sunan juya, ko a sa ta a kan magani, ya kamata a tabbata cewa takardar da aka kafa hujja da ita an ɗebi jininta a ranar da ta dace, watau kwana bakwai kafin al'ada ta gaba.